Hadda Ba Ta Tsayar Da Jini: Abin Da Jarrabawar Jinya Da Likitanci Ke Nema A Wurin Ɗalibi

A ɗauka ƙarfe biyu ne na dare a ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti da ke bayan gari. Wata mata ta sauka lafiya rabin sa'a da ta wuce, jariri yana kuka, 'yan'uwa suna ta yi wa juna barka a waje. Ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki ta ɗaura wa mai jegon na'urar awon jini, ta ga 110 bisa 70, adadin da kowane littafi zai ce lafiya lau ne. Amma da ta riƙe wuyan hannunta, sai ta ƙirga bugu 120 a minti guda. Tafin hannun ya yi sanyi, gumi yana tsattsafowa a goshi, matar kuma sai neman ruwan sha take yi. Likita ba ya kusa.

A irin wannan dare ne ake gane wane irin karatu mutum ya yi. Wadda ta haddace cewa alamar zubar jini mai haɗari ita ce faɗuwar awon jini za ta rubuta adadin a takarda, ta gyara wa matar mayafi, ta koma kujerarta. Wadda ta fahimci yadda jiki ke kare kansa kuwa za ta yaye mayafin nan take, ta dafa ciki ta ji ko mahaifa ta ƙanƙance, ta duba shimfiɗa, ta ɗaga murya ta nemi taimako. Dukansu biyu sun karanta babi ɗaya, wataƙila ma a aji ɗaya suka zauna.

Wannan labari, da ɗan sauyin lamba da shekarun mara lafiya, shi ne irin tambayar da ɗalibi ke tararwa a jarrabawar samun lasisi. Masu tsara ta ba wahalar da yara suke so su yi ba. So suke su tace, tun kafin a miƙa wa mutum ran wani.

Hanyar da ɗalibi ke bi

Ma'aikatan gwamnati da dama a Abuja suna da hannu a wannan lamari, ko da ba su taɓa buɗe littafin likitanci ba. Wani yana da 'ya a kwalejin jinya ta Gwagwalada, wani ƙaninsa yana neman ƙwarewa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, wani kuma ya ci bashin ƙungiyar adashin ofis ya tura ɗansa Masar ko Indiya. Kuɗin makaranta, na littattafai da na rajistar jarrabawa duk daga albashin nan ɗaya suke fita, wanda kuɗin motar Nyanya ko Kubwa ya riga ya rage masa ƙarfi.

Mai karatun jinya yakan yi shekara 3 a makarantar koyon aikin, ko shekara 5 idan digiri yake yi a jami'a. Kowace hanya ya bi, sai ya zauna jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka fi sani da NMCN, wadda doka ta kafa a 1979. Akwai ɓangaren da ake amsawa a kwamfuta, akwai kuma na aikace, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi yana nuna abin da hannunsa ya iya a gaban mai duba shi, cikin mintuna ƙididdigaggu.

Mai karatun likitanci kuwa shekara 6 ce a gabansa, kuma babban shingen farko shi ne jarrabawar da ta haɗa ilimin ƙirar jiki, ilimin aikin sassan jiki da na sinadaran jiki. Bayanta ne ake shiga ilimin cututtuka da na magunguna. Waɗanda suka yi karatu a ƙasashen waje kuma ba sa samun izinin taɓa mara lafiya a Najeriya sai sun ci jarrabawar tantancewa ta Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, wato MDCN. A zaman da aka yi cikin 2023, fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su tsallake ba. Bayan kowane suna da bai fito ba akwai iyali da suka yi shekaru suna tsuke bakin aljihu.

Darussa biyu da komai ya doru a kansu

Ilimin aikin sassan jiki, wanda ɗalibai ke kira fiziyoloji, yana bayanin yadda lafiyayyen jiki ke gudana: zuciya tana tura kimanin lita 5 na jini a minti guda, ƙoda tana tace kimanin lita 180 na ruwa a yini amma ta mayar da kusan duka, ta fitar da lita ɗaya da rabi kacal a matsayin fitsari. Ilimin cututtuka kuma yana bayanin abin da ke faruwa idan wani ɓangare na wannan tsari ya karkace.

Masanin nan na Faransa, Claude Bernard, tun a ƙarni na 19 ya lura cewa jiki yana ƙoƙarin riƙe yanayin cikinsa a ma'auni guda, ko da yanayin waje ya sauya. Zafin jiki, yawan ruwa, gishiri, sukari da ƙarfin gudun jini duk suna da iyakar da jiki ba ya son su ƙetare. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya sami mabuɗi, domin yawancin abin da ake kira alamun cuta iri biyu ne: ko dai ɓarnar da cutar ta yi, ko kuma ƙoƙarin da jiki ke yi na gyara ɓarnar. Misalai uku daga cututtukan da ake gani kullum a asibitocinmu za su nuna haka.

Me ya sa awon jini yake yaudara?

Mu koma wurin mai jegon nan. Ƙarfin gudun jini ya dogara ne a kan abu biyu: yawan jinin da zuciya ke turawa, da kuma yadda hanyoyin jinin suka tsuke ko suka saki. Idan jini ya fara zuba, abin da ke komawa zuciya yana raguwa. Nan take wasu jijiyoyi masu ji da ke wuya da ƙirji su sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umarni: zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jinin fata da na hanji su tsuke domin a tanadar wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da ya rage, ƙoda ta riƙe ruwa. Daga nan ne saurin bugun ya fito, da sanyin hannu, da ƙishirwa, da ƙarancin fitsari.

Saboda wannan ƙoƙari, awon jini yakan ci gaba da nuna lafiya har sai mutum ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa. Mai juna biyu ma ta fi jurewa, domin jininta yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100 kafin haihuwa. Ma'ana, a lokacin da awon ya faɗi, jiki ya riga ya ƙarar da dabarunsa. Shi ya sa ake koya wa ɗalibai su kwatanta lambobin biyu: idan bugun zuciya ya haura lambar sama ta awon jini, kamar 120 a kan 110, to akwai matsala ko da matar tana magana.

Haka kuma wadda ta san cewa fiye da rabin lita na jini ke ratsa mahaifa a kowane minti a ƙarshen ciki, kuma tsukewar naman mahaifar ce ke danne hanyoyin jinin da mabiyiya ta bari a buɗe, ba ta bukatar haddace matakin farko. Hankalinta zai ba ta cewa mahaifa mai laushi tana zubar da jini, don haka a murza ta, a ba da allurar da ke sa ta tsuke.

Wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya tabbatar da muhimmancin ganewa da wuri. An gudanar da shi a asibitoci kusan 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. An riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa domin a auna jinin a maimakon kintace da ido, sannan da zarar ya kai haddi a haɗa matakan magani gaba ɗaya ba tare da jiran ɗaya ya gaza ba. Munanan sakamakon zubar jini sun ragu da kimanin kashi 60 cikin 100.

Sirrin gishiri da sukari

Misali na biyu shi ne kwalara, wadda a 2021 kaɗai aka yi zargin ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000. Kowane ɗalibi ya san maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari. Tambayar da ke kayar da mai hadda ita ce: me sukari ke yi a ciki?

Dafin ƙwayar kwalara yana sa ƙwayoyin bangon ƙaramin hanji su riƙa fitar da sinadarin kuloraid zuwa cikin hanji. Sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su duka, har babban mutum ya iya rasa lita guda a sa'a ɗaya. Sai dai akwai wata ƙofa a bangon hanjin da dafin bai taɓa ba, wadda ba ta shigar da sodiyam sai tare da gulukos. Idan aka ba mara lafiya su biyun a ma'aunin da ya dace, sai su shige tare, ruwa ya bi bayansu ya koma jiki. Masanin Amurka Robert Crane ne ya bayyana wannan ƙofa a 1960. A 1971 kuma, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, likitan Indiya Dilip Mahalanabis ya yi amfani da wannan sani a sansanin 'yan gudun hijira da ruwan ƙari ya ƙare, mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin 100.

Wanda ya gane wannan ya amsa tambayoyi da yawa a lokaci guda. Ya san dalilin da ya sa haɗin gida yake ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Ya san cewa idan sukari ya yi yawa zai jawo ruwa zuwa cikin hanji ya ƙara gudawar, don haka lemon kwalba ba magani ba ne. Ya kuma san cewa wanda ya galabaita har ba ya iya sha, ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata ba tare da ɓata lokaci ba.

Canji ɗaya, alamu goma

Misali na uku shi ne amosanin jini, wato sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rukunin AS, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar a ƙasar nan kowace shekara. A littafi, alamunta sukan cika shafi guda, ɗalibi ya yi ta maimaita su kamar jerin sunayen jihohi. Alhali duka daga tushe ɗaya suka fito.

Sinadarin himogulobin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini yana da wata sarƙa mai ɗauri 146. A wurin mai sikila, ɗauri na shida ne kaɗai ya canza. Wannan canji yana sa sinadarin ya daskare ya miƙe idan oksijin ya yi ƙaranci, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko, ƙwayar mai tauri tana saurin fashewa: a maimakon kwana 120, kwana 10 zuwa 20 take yi. Wannan ne ke kawo ƙarancin jini da gajiya, kuma ragowar ƙwayoyin da suka fashe ne ke sa ido ya yi rawaya. Ta biyu, tana toshe ƙananan hanyoyin jini: idan a ƙashi ne a ji azabar ciwo, idan a huhu ne numfashi ya yi wuya, idan a ƙwaƙwalwa ne ɓarin jiki ya shanye, idan a saifa ne ta lalace tun yaro yana ƙarami. Saifa kuwa tana cikin masu tace ƙwayoyin cuta daga jini, shi ya sa zazzaɓi a jikin yaro mai sikila abin gaggawa ne.

Da wannan zare ɗalibi zai gane dalilin da ya sa sanyin hunturu, ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro ke tayar da ciwon. Zai gane me ya sa jariri ba ya nuna alama sai wajen wata shida, lokacin da himogulobin ɗin da ya zo da shi daga ciki ya ragu, da kuma dalilin ba da maganin haidiroksiyuriya, wanda ke ƙara irin wancan himogulobin na jarirai. Zai kuma iya gyara wa masu shirin aure kuskuren nan da ya yaɗu: idan AS ya auri AS, haɗarin ɗaya cikin huɗu yana kan kowane ciki ne daban, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba.

Me ya sa hadda ta yi kaka-gida?

Ba lalaci ne ke jefa yawancin ɗalibai cikin hadda ba. Karatun yana da yawa, lokaci kaɗan ne, ajujuwa a cike suke, kuma tun daga sakandare an saba da cewa tambayoyin shekarun baya su ne hanyar tsira. Ga kuma matsalar harshe. Yaron da ya tashi da Hausa yana koyo ne da Ingilishi, a cikin Ingilishin kuma kalmomin fannin na Girkanci ne da Latin. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne, waɗannan kalmomi haɗe-haɗe ne. Kalmar tachycardia, alal misali, guntu biyu ce: na farko sauri, na biyu zuciya. Wanda ya zauna ya koyi irin waɗannan guntaye ɗari ya huta da haddar kalmomi dubu.

Ita hadda tana da gurbinta. Adadin bugun zuciya na lafiyayyen baligi, 60 zuwa 100 a minti, da ma'aunin magunguna da sunayen ƙasusuwa, dole a riƙe su a ka. Matsalar tana zuwa ne idan aka tsaya a nan. Mai tsara jarrabawa yana iya sauya mai jego da direban da ya yi hatsari a hanyar Lokoja, sai mai hadda ya ga sabuwar tambaya, mai fahimta kuma ya ga tsohuwar da ya sani ta sake riga.

Binciken masana halayyar ƙwaƙwalwa ma yana da abin cewa. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan karatu, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka gwada ɗalibai rukuni biyu: wasu suna maimaita karanta rubutu, wasu suna rufe shi su tuno abin da ke ciki. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda masu tunowa sun wuce su nesa. Darasin a bayyane yake: karatun daren jarrabawa yana sa mutum ya ji kamar ya sani, alhali sanin bai zauna ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyar da ta fi ɗorewa ba ta da tsada. Ɗalibi ya fara da yadda lafiyayyen sashe ke aiki kafin ya taɓa cutarsa. Ya rufe littafi, ya ɗauki farar takarda, ya zana matakan daga musabbabi zuwa alama zuwa magani, sannan ya buɗe ya ga inda ya yi tuntuɓe. Ya koma kan babin bayan kwana biyu, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Tambayoyin baya ya mayar da su ma'aunin gwada kai, kuma a kowace tambaya ya iya faɗin dalilin da ya sa sauran amsoshin ba daidai ba ne. Idan ya shiga ɗakin marasa lafiya da rana, da dare ya karanta cutar da ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji. Ya kuma yi barci, tunda a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya.

Rawar iyaye da masu ɗaukar nauyi

Mahaifin da aikinsa shi ne rubuta takardun ofis yana iya ganin ba shi da abin taimakawa bayan biyan kuɗi. Yana da shi. Idan 'yarsa ta zo hutu, a maimakon ya tambaye ta shafi nawa ta karanta, ya ce ta bayyana masa da Hausa me ya sa likita ya hana kakarta cin gishiri da yawa, ko me ya sa ƙafar mai ciwon zuciya ke kumbura. Idan ta iya bayani har ya gane, to ta sani. Idan ta koma jero masa kalmomin Turanci, ita da kanta za ta ga inda giɓin yake, tun da sauran lokacin cike shi. Wannan ma horo ne na aikin da ke jiranta, domin yawancin marasa lafiyar da za ta duba ba da Turancin littafi za su yi mata magana ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a guje masa. A duk lokacin jarrabawa akan sami masu zuwa da alkawarin satar amsa ko na sanin wani a ciki. Ban da asarar kuɗi da haɗarin kora, wanda ya saya wa ɗansa sakamako ya sayi lasisin da babu sani a bayansa, kuma bai san wanda zai kwanta a gadon da yaron zai tsaya a kansa ba.

Masu taimaka wa 'yan majalisa da manyan jami'an ma'aikatu kuwa, su ne sukan rubuta bayanan da ake yanke shawara a kansu. Gwamnati tana faɗaɗa guraben ɗaukar ɗaliban jinya da likitanci domin cike gurbin ma'aikatan da ke fita ƙasashen waje. Idan aka zo wannan magana, yana da kyau a tambaya malamai nawa aka ƙara, ɗakunan gwaji nawa aka gina, kuma gadaje nawa ne ɗaliban za su koyi aiki a kansu. Ajin da ya yi wa malami yawa, hadda kawai yake iya haifarwa.

Jarrabawa takan ƙare cikin 'yan kwanaki, a fitar da sunaye, a yi walima. Bayan haka ne za a tura yarinyar wani asibiti a Kwali ko Abaji, a bar mata aikin dare ita kaɗai. Wata mata za ta haihu, na'ura ta nuna 110 bisa 70, kuma babu mai tsara tambaya da zai ba ta amsoshi huɗu ta zaɓi ɗaya. Abin da zai sa ta yaye mayafin nan shi ne abin da ta fahimta tun tana aji biyu.